Yadda Za Ka Gano Shekarun Tsohon Akwatin Katako Na Masu Sassaƙa Ƙarfe

Tambayar ta yi yawa, kuma kusan kullum salo ɗaya take zuwa: mutum ya tsinci akwatin a gwanjon kayan gida a Amurka ko Ingila, ko ya same shi cikin tsofaffin kayan aikin da kwantena ta kawo, ya ɗauki hoton gabansa guda ɗaya ya turo, ya ce, "Malam, wannan shekararsa nawa?" Hoton gaba ba ya ba da amsa. Akwatin da nake nufi shi ne ɗan ƙaramin nan mai siraran durowoyi shida zuwa goma sha ɗaya, cikinsu shimfiɗe da koren kyalle, wanda masu aikin injin sassaƙa ƙarfe ke adana maikuromita da sauran kayan awo a ciki. Masu ƙera shi sun shafe shekaru da dama ba su sauya masa fasali sosai ba, shi ya sa na 1925 da na 1965 za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa ka kasa bambance su.

Kafin mu fara, ka cire rai da samun shekara ɗaya tak. Abin da za ka nema iyakoki biyu ne: shekarar da akwatin ba zai riga ta ba, da shekarar da ba zai wuce ta ba. Duk matakan da ke ƙasa aikinsu ke nan, su matso da iyakokin nan kusa da juna.

1. Haɗa kayan aiki

Ba ka buƙatar wani abu mai tsada. Tocila mai haske sosai, ƙaramin maganaɗisu, gilashin ƙara girman rubutu, ɗan madubin hannu, burushin fenti sabo mai laushi, tsinken auduga na goge kunne, ƙaramar kwalbar sifirit, safar hannu, wayarka don hoto, sai takarda da fensir. Yawancinsu suna cikin gidanka. Wanda za ka saya bai wuce gilashin da sifirit ba, kuma kuɗinsu bai kai na sabon makulli ɗaya ba. Binciken da za ka yi a intanet daga baya kyauta ne, sai kuɗin data.

Ka raba takardarka gida uku tun yanzu: "abin da na gani", "bai riga shekara kaza ba", "bai wuce shekara kaza ba".

Gargaɗi: samfefa, tina, man goge ƙarfe da ruwan sabulu, duk ka kai su wani ɗaki. Ba su da aiki a nan.

2. Kada ka goge komai, ɗauki hoto tukuna

Wannan matakin na fi jin tsoron a tsallake, domin ni ma a nan na yi ɓarna. Akwatina na farko ya zo baƙi ƙirin da daɗaɗɗen mai. A cikin murfinsa, daga ƙasan ɗan madubin da ake kafa wa irin waɗannan akwatunan, akwai wani ɗan tabo mai ruwan zinariya, faɗinsa bai fi babban yatsa ba. Na jiƙa tsumma da sifirit na shafa don in karanta. A shafa ta biyu na ga haruffa uku sun bayyana, a ta uku suka bi tsumman suka tafi. Tambarin maƙerin ne, irin wanda ake mannawa a kan sheƙin katako, kuma sifirit ya narkar da sheƙin da ke riƙe da shi. Har yau akwatin yana wurina, har yau ban san wanda ya ƙera shi ba.

Don haka ka ajiye akwatin a kan tebur inda hasken rana ke shigowa. Ɗauki hoton gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙasa. Buɗe murfi ka ɗauka. Matsa kusa ka ɗauki makulli, hinji, ƙarafan kusurwa, mariƙi da 'yan mariƙan durowa. Ƙura kuwa burushi kawai za ka sa mata.

Sannan ka zaro durowoyin ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta lamba da fensir a bayan kowace, domin waɗanda suke kama da juna ba lallai su shiga gurbin juna ba. Sa safar hannu. Cikin kyallen nan akwai ɓurɓushin ƙarfe sirara kamar ƙayar kifi, kuma suna shiga yatsa.

3. Nemo sunan maƙeri

In ka samu suna, rabin aikin ya ƙare. Wuraren da za ka duba, bi da bi: cikin murfi; bayan allon gaba wanda ke rufe durowoyi; fuskar makulli; ɗan farantin ƙarfe a gaban akwati; ƙasan akwati ta waje; sai wurin da mutane suka fi mantawa, wato daɓen akwatin ta ciki, ƙarƙashin durowar ƙarshe. Kamfanin H. Gerstner & Sons na birnin Dayton a jihar Ohio ya saba buga hatiminsa da tawada a wannan daɓen. Ka kwantar da tocila a gefe, haskenta ya bi fuskar katakon a kwance. Rubutun da ya dushe yakan fito ta haka ko da ido bai gan shi ta gaba ba.

Sunayen da za ka fi cin karo da su a na Amurka: Gerstner, wanda Harry Gerstner ya kafa a 1906 kuma yana nan yana aiki har yanzu, Union, wanda ya fara a Rochester ta jihar New York, daga baya sunansa ya koma Union Steel Chest a garin LeRoy, Pilliod na Swanton a Ohio, da C. E. Jennings na New York. Ka lura da Union: in tambarin ya ce Rochester, akwatin ya girmi wanda ya ce LeRoy. In ka ga Craftsman, sunan kasuwanci ne da kantunan Sears na Amurka suka fara amfani da shi a 1927, saboda haka rubuta 1927 a gidan "bai riga ba". A na Ingila za ka ga Neslein, Emir ko Moore & Wright na Sheffield. Da yawa daga cikin na Ingila ba su da murfin sama. Allon gaba ne kawai ake cirewa gaba ɗaya, mariƙi kuma yana bisa.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, masu sayarwa suna kiran duk akwatin da ke da koren kyalle da madubi "Gerstner", saboda sunan ne ke ɗaga farashi. Madubin nan mai kusurwa huɗu da aka kafa a kan tsininsa ba shaida ba ce, kamfanoni da yawa sun sa shi. Na biyu, wani lokaci sunan da ke jiki na dillalin kayan aiki ne, ba na maƙeri ba. Haka kuma in ka ga "Gerstner International", wannan layin kayansu ne na zamanin nan da ake ƙerawa a Asiya, ba tsohon kaya ba ne komai tsufan da ya nuna.

4. Karanta adireshin, ba sunan kaɗai ba

A ganina wannan ya fi kowane mataki daɗi, domin hukumar gidan waya ta yi mana aikin ba tare da ta sani ba. Duk wata takarda, tambari ko katin garanti da ke ɗauke da adireshi, ka dube shi da gilashi.

A Amurka, manyan birane sun fara amfani da lambar shiyya a 1943. Lamba ce ɗaya ko biyu da ake sakawa tsakanin sunan birni da na jiha, kamar a rubuta "Detroit 26, Mich." A ranar 1 ga Yuli 1963 aka kawo lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, kuma a shekarar ne aka taƙaita sunayen jihohi zuwa haruffa biyu, Ohio ta zama OH. A 1983 aka ƙara wasu alƙaluma huɗu a bayan biyar ɗin. Ke nan adireshi mai lambar shiyya yana nuna 1943 zuwa wajejen 1963. Mai alƙaluma biyar bai riga 1963 ba. Wanda ba shi da lamba ko ɗaya yana iya zama kafin 1943, amma kada ka rantse, domin ƙananan garuruwa ba a taɓa ba su lambar shiyya ba, kuma wasu kamfanoni ba su damu da rubuta ta ba.

A Ingila, an sa wa gundumomin Landan lambobi a 1917, shi ya sa "E.C." kaɗai ya girmi "E.C.1". Cikakkiyar lambar gidan waya mai haɗa haruffa da alƙaluma ta bazu ne tsakanin 1966 da 1974. Farashi da aka rubuta da sule da kwabo na Ingila kafin Fabrairun 1971 ne. In kuma akwatin ya daɗe a Najeriya ka ga rasit na fam da sule, to kafin Janairun 1973 aka rubuta shi, lokacin da naira ta shigo.

Wasu ƙananan alamu: harafin R cikin da'ira kusa da suna ya samo asali daga dokar Amurka ta 1946. "West Germany" a jikin makulli ko hinji yana nufin 1949 zuwa 1990. Zanen layukan da ake haskawa a kanti bai riga 1974 ba. Kibiya mai kai uku da aka buga a katako ko ƙarfe alamar kayan gwamnatin Birtaniya ce, kuma sau da yawa shekara tana nan kusa da ita.

Gargaɗi: kamfani ba ya zubar da tambarin da ya riga ya buga don kawai gidan waya ya sauya tsari. Sai ya ƙarar da tsoho. Saboda haka adireshi yana ba da iyakar farko mai ƙarfi, amma iyakar ƙarshe ka ƙara mata 'yan shekaru.

5. Makulli da lambar haƙƙin ƙirƙira

Masu ƙera akwatin kafintoci ne, makulli sayowa suke yi. Dubi fuskarsa, sannan ka sa madubin hannu ka dubi bayansa ta cikin akwati. Za ka iya ganin Eagle Lock Co. na Terryville, Corbin na New Britain, ko Yale & Towne na Stamford, duka a jihar Connecticut. Eagle ya rufe a 1975, don haka makullinsa, in na asali ne, yana ba ka iyakar ƙarshe wajejen wannan shekarar.

Abin da ya fi suna amfani shi ne "Pat.", gajeriyar kalmar Turanci mai nufin haƙƙin ƙirƙira, da kwanan wata ko lamba a bayansa. In kwanan wata ne, ka samu iyakar farko kai tsaye. In lamba ce, ga ma'aunin da nake riƙewa a ka na lambobin Amurka:

lamba 1,000,000 ta fita a 1911
lamba 1,500,000 a 1924
lamba 2,000,000 a 1935
lamba 2,500,000 a 1950
lamba 3,000,000 a 1961
lamba 4,000,000 a 1976

Don samun ainihin ranar, rubuta US da lambar a shafin Google Patents. Zai fito maka da zanen abin, ka kwatanta da wanda ke hannunka. In zanen bai yi kama ba, ka karanta lambar ba daidai ba. 3 da 8 suna ruɗarwa a kan ƙarfen da ya ci.

Kuskuren da aka fi yi a duk wannan harkar yana nan: mutum ya ga "Pat. 1911" ya ce akwatinsa na 1911 ne. A'a. Shekarar da aka ba da haƙƙin ƙirar makullin ke nan. A wancan zamanin haƙƙin yana ɗaukar shekara 17, kuma kamfanoni sukan ci gaba da buga lambar har bayan ya ƙare, tun da ƙarfen bugun bai lalace ba. Makulli mai 1911 zai iya hawa akwatin 1930 lafiya lau.

6. Sukuru, ƙusa da sauran ƙarafa

Dubi kan kowane sukuru. Mai tsaga ɗaya miƙaƙƙiya ba ya faɗin komai shi kaɗai, domin an yi ta amfani da shi har bayan yaƙin duniya na biyu da daɗewa. Mai tsagar gicciye, wanda ake kira Phillips, haƙƙin ƙirarsa na 1936 ne, a masana'antar mota ya fara, kafin ya yaɗu zuwa kayan katako. In akwatin duk sukurun gicciye ne kuma babu alamar an taɓa su, rubuta 1936, kana sane cewa mai yiwuwa ya fi haka ƙuruciya sosai. Gicciye mai ƙarin 'yan layuka huɗu a tsakanin hannayensa shi ne Pozidriv, na shekarun 1960 ne zuwa sama, an fi ganinsa a kayan Ingila. Mai rami murabba'i kuwa Robertson ne, yana nuna Kanada.

Amma fa sukuru shi ne abin da aka fi canzawa. Hinji ya yi sako-sako, mai akwati ya ɗauko wanda ya samu ya ɗaura. Ga yadda za ka gane: in sukuru goma sha biyu masu tsaga ɗaya ne, biyu masu gicciye, to biyun nan gyara ne, ka watsar da shaidarsu. Dubi kuma kewayen kowane ƙarfe. Inda ƙarfen asali ya zauna shekara da shekaru, katakon ƙarƙashinsa ya fi haske, kuma inuwar ta yi daidai da gefensa. In ka ga inuwar da ta fi ƙarfen girma, ko ramukan da ba kowa a cikinsu, an sauya shi. Gerstner ma har yau suna sayar da kyalle, mariƙi da makullin canji, don haka sabon ƙarfe mai sunan kamfani a jikin tsohon akwati ba abin mamaki ba ne.

Yanzu ɗauko maganaɗisu. In bai kama ba, mai yiwuwa tagulla ce. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Launin rufin ma yana magana: nikel farinsa yana da ɗan ɗumi, yana karkata zuwa rawaya, in ya tsufa sai ya yi hazo, kurom farinsa sanyi ne mai ɗan shuɗi. Rufin kurom bai shiga kasuwa ba sai tsakiyar shekarun 1920. Nikel kuwa an ci gaba da amfani da shi bayan haka, don haka kurom ne ke ba da iyaka, nikel ba ya bayarwa. Tsakanin 1942 da 1945 an taƙaita tagulla, nikel da kurom a Amurka saboda yaƙi. Akwati mai kyawun ƙira amma ƙarafansa baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti kawai, ka sa masa alamar tambaya ta waɗannan shekarun.

Gargaɗi: kada ka kwance sukuru don son ganin jikinsa sai dole. Tsohon sukurun tagulla yana karyewa a cikin rami, kuma fitar da guntun aiki ne babba.

7. Katako, haɗi da ƙasan durowa

Yawancinsu na itacen ok ne, wasu na itacen walnut mai duhu, wasu mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, wasu kuma an lulluɓe su da baƙin yadi mai kama da fata. Zanen nan mai kama da jikin damisa da ke fitowa a ok salon yanka ne, ba shaidar tsufa ba. Haɗin kusurwa mai haƙora kamar an sarƙe yatsun hannu biyu shi ma aikin inji ne da aka daɗe ana yi. Kada su ɗauke maka hankali.

Juya durowa ka dubi ƙasanta. A tsofaffin na Amurka yawanci farantin ƙarfe ne siriri aka manna wa kyalle. In ka ga allon nan mai ruwan ƙasa, santsi a fuska ɗaya, zanen raga a ɗayar, wato Masonite, bai riga tsakiyar shekarun 1920 ba. Allon garin katako da aka matse, na bayan yaƙin duniya na biyu ne, mai laushin nan kamar gari zalla kuma daga shekarun 1960. Ƙusar sitefula ta bindigar iska a bayan akwati ko ƙasan durowa alamar ƙuruciya ce.

Akwai durowa ɗaya da ta cancanci a tsaya a kanta. A tsakiyar wasu akwatunan za ka ga wata doguwa a tsaye, siririya, ba ta yi kama da sauran ba. An yi ta ne don littafin lissafin masu sana'ar, Machinery's Handbook, wanda aka fara bugawa a 1914. Akwati mai wannan durowar bai riga 1914 ba. In ka yi sa'a littafin yana ciki, shafinsa na farko yana da shekarar bugu.

8. Gwajin sheƙi da na kyalle

Sai yanzu sifirit zai fito, bayan ka tabbata ka gama neman tambari. Zaɓi wuri ɓoyayye, kamar gefen durowa ta ciki inda sheƙi ya ɗan gangaro, ko ƙasan akwati. Jiƙa tsinken auduga, ɗora shi a wuri ɗaya, ƙirga ashirin. In wurin ya yi danƙo, audugar ta yi ruwan zuma, shalak ne, sheƙin da aka fi amfani da shi a farkon ƙarni na 20. In bai motsa ba, yana iya zama fentin selulos, wanda ya shigo a shekarun 1920, ko banish. Sheƙi mai kauri kamar an zuba roba, wanda ya hau har kan hinji da kan sukuru, wani ne ya sake shafawa daga baya; ba ya faɗin komai game da haihuwar akwatin, sai dai ya rage masa daraja a wurin masu saye.

Kyallen kuma, tsinko 'yan zare daga kusurwa, ka fita da su waje nesa da akwatin, ka kusanta musu ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa. Na roba yana narkewa ya dunƙule. Na roba yana nufin ko dai akwatin sabo ne, ko an sake masa shimfiɗa. Ɗaga gefen kyallen kaɗan: in akwai ragowar wani kore mai duhu da busasshen gam mai ruwan ƙasa a ƙasa, an sake.

Gargaɗi: kada ka kunna wuta kusa da akwatin. Kyallen ya sha mai shekara da shekaru.

9. Abin da ya faɗa bayan durowa

Siraran durowoyin nan sukan cika, abin da ke sama ya zame ta baya ya faɗa daɓe. Da durowoyin a waje, haska ciki. Na sha tsintar takardar albashi, katin ƙungiyar ƙwadago, ɗan kalandar aljihu, jadawalin awo na kamfanonin kayan awo irin su Starrett ko Brown & Sharpe, guntun kafur da ake ajiyewa don hana tsatsa, da kwabbai. Katin ƙungiya mai AFL-CIO, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Amurka, bai riga 1955 ba. Kwabon Amurka da maganaɗisu ya kama na 1943 ne, shekarar da aka buga shi da baƙin ƙarfe.

A nan sai an yi hattara da lissafi. Takarda mai kwanan wata da aka rubuta wa mai akwatin, kamar ta albashi, tana nuna akwatin yana nan a wajejen wannan lokacin, wato tana taimaka wa iyakar ƙarshe. Kwabo ba haka ba ne, zai iya yawo shekara talatin kafin ya faɗa. Kayan aikin da ke ciki ma ba shaida ba ne. Magidanci yakan gaji maikuromitar ubansa ya sa a sabon akwati.

Wasu ma'aikatan Amurka sukan zana lambarsu ta inshorar gwamnati, mai alƙaluma tara, a jikin akwati don maganin ɓarayi. An fara ba da lambar a 1936. In ka ganta, ka rufe ta kafin ka sa hoto a intanet, haka ma sunan mutumin. Yana da iyali.

10. Kwatanta da kundin talla, sannan ka haɗa lissafi

In kana da sunan maƙeri, auna tsawo, faɗi da tsayin akwatin da inci, ƙirga durowoyi, ka nemi tsofaffin kundayen tallan kamfanin da na dillalan kayan aiki. Akwai su da yawa kyauta a shafin Internet Archive. Kada ka tsaya a kundin farko da ka ga irin naka. Nemi mafi tsufa da ya nuna shi da mafi sabo, kana lura da siffar 'yan mariƙai, yawan maƙallan gaba da fasalin ƙarafan kusurwa, domin su ne ke sauyawa a hankali yayin da jikin akwatin yake nan yadda yake. Shekarun da masu sayarwa ke rubutawa a shafukan gwanjo kuwa, yawanci kwafar juna suke yi.

Sai ka koma takardarka. Soke duk shaidar da ta fito daga abin da aka canza. A gidan "bai riga ba", ɗauki shekara mafi kusa da yau. A gidan "bai wuce ba", ɗauki mafi tsufa wadda ka amince da ita.

Ga yadda ta kasance da akwatina na biyu, wanda na bi a hankali. Durowar littafi ta ba ni 1914. Ƙarafan kurom suka matso da ni tsakiyar shekarun 1920. Sukuru duk masu tsaga ɗaya ne ban da biyu a hinjin hagu, na soke su. Makullin Eagle ya ce bai wuce 1975 ba. A bayan allon gaba akwai 'yar takardar dillali mai lambar shiyya tsakanin birni da jiha, ta kai ni 1943, kuma tun da ƙarafan masu rufin kurom ne ba fenti ba, na fi karkata ga bayan 1945. Daga ƙarshe, can a kusurwar daɓe, manne da busasshen mai, na ɓamɓaro takardar albashi ninki huɗu, an buga mata watan Maris 1951. A katin da na saka cikin durowar sama na rubuta da fensir: tsakanin 1943 da 1951, mai yiwuwa bayan yaƙi. Na jera dalilan a ƙasa, na mayar da takardar albashin cikin 'yar ambulan na ajiye ta tare da katin.